Yadda Ake Zaɓar Kartar Tarot ta Tsarin Golden Dawn da Yadda Ake Nazarinta

Kartar tarot da ake gani yanzu a TikTok da YouTube, wadda wasu ke shimfiɗawa a kan tebur suna faɗa wa mutane abin da wai zai same su a mako mai zuwa, tana da tarihi mai zurfi fiye da yadda yawancin masu bidiyon suka sani. Mafi yawan kwalayen da ake sayarwa a ƙasashen da ke magana da Ingilishi sun gaji tsarinsu daga ƙungiya ɗaya ta masu sihiri da aka kafa a Landan a 1888, mai suna Golden Dawn. Mutum uku ne suka kafa ta: William Wynn Westcott, Samuel Liddell MacGregor Mathers da William Robert Woodman. Sihirinsu irin na ɗakin taro ne, mai riguna da karance-karance da matakan ƙarin girma, kuma tarot a wurinsu littafin karatu ne da aka rubuta da hotuna. Kowane kati yana ɗauke da harafi, ko tauraro, ko buruji, ko lamba. Wanda bai san wannan jadawali ba, komai daɗewarsa yana kallon zanen, bai karanta komai ba.

Gara in faɗi matsayina tun da wuri. Gaibu na Allah ne, kuma hadisin da Muslim ya ruwaito a kan wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi, cewa ba za a karɓi sallarsa ta kwana 40 ba, sananne ne ga kowane ɗalibi. Ba na kiran kowa ya nemi sanin gobe daga takarda. Na rubuta wannan jagora ne domin ɗalibin tarihi, da mai nazarin adabin Turawa, da mai zane, da malamin da matasa ke tambayarsa abin da suke gani a waya. Wanda zai karanci waƙoƙin W. B. Yeats, misali, wanda ya shiga wannan ƙungiya a 1890 kuma ya ci kyautar Nobel a 1923, dole ya ci karo da waɗannan alamomi. Abin da ya kamata a yi wa raddi ma, sai an san shi.

Mataki na farko: ka san abin da ke cikin kwalin

Cikakken saitin tarot katuna 78 ne. Akwai manya 22 masu suna irin su Wawa, Mai Sihiri, Sarki, Mutuwa, Hasumiya, Rana da Duniya. Sauran 56 sun kasu gida huɗu: sanduna, kofuna, takubba da faya-fayai, waɗanda a asali tsabar kuɗi ne. Kowane gida yana da katuna goma masu lamba, da 'yan fada huɗu.

Asalinta wasa ne. A arewacin Italiya aka ƙirƙiro ta wajen shekarun 1440, domin sarakunan Milan da Ferrara su yi nishaɗi, kuma har yau ana buga ta a matsayin karta a Faransa da Ostiriya. Gidajen nan huɗu kuwa daga ƙasashen Musulmi suka shiga Turai: akwai tsohuwar kartar Mamlukawan Masar da ke ajiye a fadar Topkapi a Istanbul, mai kofuna da takubba da tsabar kuɗi da sandunan wasan folo. Maganar cewa tarot sirrin Fir'aunoni ce, wani Bafaranshe ne mai suna Antoine Court de Gébelin ya ƙago ta a 1781 ba tare da hujja ba. Idan littafin da ya zo da kwalinka ya fara da wannan labari a matsayin gaskiya, ka rage yarda da sauran abin da ke cikinsa.

Mataki na biyu: ka bambance makarantu kafin ka fitar da kuɗi

A nan ne mutane da yawa ke yin asara. Akwai tsarin Faransa kuma akwai tsarin Ingila, kuma ba sa haɗuwa. A tsakiyar shekarun 1850 wani Bafaranshe masanin sihiri mai suna Éliphas Lévi ya jera manyan katuna 22 a kan haruffan Ibrananci 22, ya ba Mai Sihiri harafin farko, ya tura Wawa can kusa da ƙarshe. Mutanen Golden Dawn suka juya abin: suka ɗora Wawa a kan harafin farko, wato Alef, don haka kusan kowane kati ya matsa da mataki ɗaya. Wannan ce jarrabawa mafi sauri. Ka duba katin Wawa. In Alef ne a jikinsa, kana hannun Ingilawa. In Shin ne, na Faransawa ne, kuma littattafan Golden Dawn ba za su yi maka amfani da shi ba.

A cikin gidan Ingila ma akwai rassa uku.

Reshe na farko shi ne na Waite da Smith. Arthur Edward Waite ya tsara, Pamela Colman Smith ta zana, kamfanin Rider ya buga a Landan a 1909. Dukansu sun yi zama a cikin Golden Dawn. Falalarsa ita ce Smith ta yi wa kusan kowane ƙaramin kati cikakken hoto na mutane da wurare, shi ya sa ya fi kowane saiti yaɗuwa a duniya. Amma Waite mutum ne mai riƙe rantsuwar sirri, don haka ya ɓoye jadawalin. Ba za ka ga haruffa ko alamun taurari a rubuce a gefen katunan ba, sai dai a lulluɓe cikin zanen, kamar kawunan rago a kujerar Sarki da ke nuni da burujin Hamal. Ga wanda ke son ya koyi tsarin kansa, wannan saiti yana da daɗin kallo amma yana rowar bayani.

Reshe na biyu shi ne Thoth, na Aleister Crowley, wanda shi ma tsohon ɗan ƙungiyar ne, da mai zane Lady Frieda Harris. Harris ta shafe daga 1938 zuwa 1943 tana zanen, Crowley ya fitar da littafin bayaninsa a 1944, amma ba a buga katunan don sayarwa ba sai a 1969, bayan dukansu sun mutu. Ainihin zanen yana Cibiyar Warburg a Landan. A fagen zane babu saitin da ya kai shi a ganina, kuma ya rubuta komai a fili: harafi, tauraro, buruji da laƙabin kowane kati. Sai dai Crowley ya cusa masa addinin da shi kansa ya ƙirƙira. Ya sauya sunayen wasu manyan katuna, ya musanya haruffan Sarki da Tauraruwa, ya kuma sauya sunayen 'yan fada. Wanda ya fara da Thoth zai ɗauka haka Golden Dawn ta koyar, alhali gyaran mutum ɗaya ne.

Reshe na uku shi ne saitocin da aka sake ginawa daga takardar koyarwa ta ƙungiyar, wadda ake kira Book T. A asali kowane ɗalibi da hannunsa yake kwafar katunansa, ba a sayarwa. Crowley ya fara fitar da bayanin ga mutanen waje a mujallarsa The Equinox a 1912, daga baya Israel Regardie ya wallafa takardun ƙungiyar tsakanin 1937 da 1940. Daga nan aka samu saitin da Robert Wang ya zana ƙarƙashin kulawar Regardie a ƙarshen shekarun 1970, da Hermetic Tarot na Godfrey Dowson mai launin baƙi da fari, da na Sandra Tabatha Cicero da ya fito a 1991. Akwai kuma na Lon Milo DuQuette, wanda ya cika kowane kati da alamomi daga tsarin sihiri daban-daban har ya zama kamar allon lissafi. Wannan na ƙarshe ba na mai farawa ba ne.

Shawarata ga mai son fahimtar tsarin ita ce ya fara da reshe na uku. Na Dowson ya fi dacewa da mai nazari, don ya rubuta laƙabi da alamun taurari a jikin kowane kati. Na Cicero ya fi dacewa da mai sha'awar launuka, domin ƙungiyar tana da jadawalin launi nata kuma ta bi shi. Daga baya sai a ƙara na Waite da Smith domin kwatantawa.

Abu biyu kafin ka yi oda. Na ɗaya, akwai hotunan tsiraici a kusan duka saitocin nan, musamman a katunan Masoya, Tauraruwa, Shaiɗan da Duniya, kuma na Thoth ya fi tsanani. Ka san abin da za ka shigar gidan da ke da yara. Duk katunan Waite da Smith ana iya ganinsu kyauta a intanet, don haka mai nazari zai iya yin nisa bai sayi komai ba. Na biyu, jabu ya cika kasuwannin intanet. Alamarsa arha mai yawa, da zane mai dishi-dishi, da rashin ɗan littafin bayani a cikin kwalin. Idan ya iso, ka ƙirga: 78. Wasu bugu suna ƙara kati ɗaya ko biyu na talla ko na bayani, waɗannan sai a ware su gefe.

Mataki na uku: manyan katuna 22

Kamar yadda almajiri ke gama babbaƙu kafin ya shiga farfaru, haka za ka haddace haruffan kafin ka kula da ma'anoni. Wanda ya san abajada ya riga ya yi rabin aikin, domin jerin Ibrananci da lissafinsa kusan ɗaya ne da namu: Alef 1, Bet 2, Gimel 3, Dalet 4, haka har Yod 10, Kof 100, Tav 400. Alifi, ba, jim, dal ke nan.

Wani tsohon littafin Yahudawa mai suna Sefer Yetzirah ya raba haruffan kashi uku, kuma a kansa Golden Dawn ta gina komai. Haruffa uku uwaye ne, aka ba su ɗabi'u uku: Wawa iska, Ratayayye ruwa, Hisabi wuta. Haruffa bakwai aka ba taurari bakwai na tsohon ilimin falaki: Mai Sihiri ya ɗauki Uɗaridu, Babbar Malama ta ɗauki wata, Sarauniya ta ɗauki Zara, Kewayen Rabo Mushtari, Hasumiya Mirriku, Rana ta ɗauki rana, Duniya kuma Zuhalu. Sauran goma sha biyu burujai ne a jere, daga Sarki a Hamal har zuwa katin Wata a Hutu.

Wannan jeri ne ya jawo sauyin da ke rikita masu farawa. A tsohuwar kartar tarot ta Faransa da ake kira Marseille, Adalci ne lamba 8, Ƙarfi lamba 11. Amma idan aka bi burujai a jere, gurbin 8 ya faɗa kan Asad, wato zaki, gurbin 11 kuma kan Mizani. To katin Ƙarfi ne ke da zaki, Adalci ke da ma'auni. Sai ƙungiyar ta musanya lambobinsu. Shi ya sa a saitin Waite da Smith Ƙarfi ne 8. Crowley ya maido da tsofaffin lambobin amma ya bar wa kowanne burujinsa.

Hanyar haddacewa ita ce ka jera su a ƙasa layi uku, uku da bakwai da goma sha biyu, kana faɗin harafi da abin da aka jingina masa. Bayan sun zauna, sai ka zana Bishiyar Rayuwa ta Kabbala, wato ilimin sirri na Yahudawa, a babbar takarda: da'irori goma da hanyoyi 22 da ke haɗa su. Kowane babban kati hanya ɗaya ce. Ka ɗora su a gurabensu.

Mataki na huɗu: ƙananan katuna, inda ainihin lissafin yake

Nan ne wurin da ya cancanci a daɗe. Gidaje huɗu ɗabi'u huɗu ne: sanduna wuta, kofuna ruwa, takubba iska, faya-fayai ƙasa. Lambobi daga 1 zuwa 10 su ne da'irori goma na Bishiyar. Kowace lamba tana da halinta: 4 kafuwa ce da yalwa, 5 tsanani ne da rikici, 6 daidaito ne, 10 kuma ƙarshen abu ne inda ya yi nauyi. Saboda haka duk katunan 5 suna da ɗaci, duk na 6 suna da daɗi, ko a wane gida suke.

Sai a zo kan falaki. Idan ka cire katuna huɗu masu lamba 1, za a bar 36. Da'irar burujai daraja 360 ce, kuma tun zamanin tsohuwar Masar masana taurari sun yanka ta gida 36, kowanne daraja goma. Golden Dawn ta ba kowane kati yanki ɗaya. Siffofin waɗannan yankuna sun shiga Turai ta hanyoyi da dama, ciki har da wani littafin Larabci na Andalus mai suna Gayatul Hakim, wanda aka fassara a fadar Sarki Alfonso na Goma a ƙarni na 13, Turawa suka san shi da Picatrix. Ƙungiyar ta kuma koyar da bugun ƙasa mai siffofi 16, irin wanda ake yi a ƙasar Hausa, wanda shi ma ta Larabci ya isa Turai. Mai karatu Bahaushe zai gane abubuwa da dama a nan waɗanda Baturen Ingila sai ya sha wuya kafin ya gane.

Ga yadda rabon yake. Katunan 2 da 3 da 4 na burujan da ke buɗe yanayi ne: Hamal, Saraɗan, Mizani da Jadyu. Katunan 5 da 6 da 7 na burujan tsakiya ne: Asad, Aƙraba, Dalwu da Sauru. Katunan 8 da 9 da 10 na masu rufewa ne: Ƙausu, Hutu, Jauza da Sunbula. Kowane gida yana ɗaukar burujan ɗabi'arsa. Taurari bakwai kuma suna zagayawa a kan yankunan a jere: Mirriku, rana, Zara, Uɗaridu, wata, Zuhalu, Mushtari, a sake komawa.

Mu gwada. Biyu na sanduna: wuta, farkon Hamal, Mirriku. Tauraron yaƙi a gidansa, shi ya sa laƙabinsa Mallaka. Shida na sanduna: Mushtari a Asad, a kan lambar daidaito, laƙabinsa Nasara, kuma Smith ta zana mahayin doki da kambi. Uku na takubba: Zuhalu a Mizani, laƙabinsa Baƙin Ciki, shi ne zuciyar nan da takubba uku suka huda. Goma na takubba: rana a Jauza, ƙarshen gidan iska, laƙabinsa Rugujewa. Biyar na faya-fayai: Uɗaridu a Sauru, Matsin Abin Duniya, inda Smith ta zana matalauta biyu cikin ƙanƙara. Da zarar ka iya wannan, za ka daina haddace ma'anoni 36 ɗaya bayan ɗaya, domin kana iya fitar da kowace daga gida da lamba da tauraro da buruji. Ka zana da'ira, ka yanka ta 36, ka cike ta da hannunka ba tare da duba littafi ba. Ranar da ka iya haka, ka wuce yawancin masu bidiyo.

'Yan fada 16 ba su da wahala: ɗabi'a ce a cikin ɗabi'a. Babban namiji wuta, sarauniya ruwa, yarima iska, gimbiya ƙasa. Sarauniyar sanduna ke nan ruwa a cikin wuta. Abin lura kawai shi ne sunayensu sun bambanta daga saiti zuwa saiti, don haka ka dubi wanda ke kan doki, wato babban namiji, da wanda ke cikin keken doki, wato yarima, maimakon ka dogara da sunan da aka rubuta.

Mataki na biyar: yadda su suke karanta katunan

Mai nazari yana bukatar ya san yadda 'yan ƙungiyar ke aiki da ita, ko da shi ba zai yi duba ba. Abu na farko, ba sa kula da ko kati ya fito a kife. Abin da suke dubawa shi ne maƙwabta. Ana ɗaukar katuna uku, na tsakiya shi ne zance, na gefe biyu suna ƙarfafa shi ko raunana shi. Gida ɗaya yana ƙarfafa ɗan'uwansa, ko a alheri ko a sharri. Wuta da ruwa abokan gaba ne, haka iska da ƙasa. Sauran haɗin suna jituwa. Don haka shida na sanduna tsakanin kofuna biyu nasara ce da aka jiƙa, amma tsakanin sanduna biyu ta cika. Wannan atisaye ne mai kyau ga mai koyo: ka zaro uku, ka faɗi ɗabi'ar kowanne, ka yanke wanda ya rinjayi wani. Ba sai ka yi wata tambaya ba.

Babbar shimfiɗarsu ana kiranta Buɗe Mabuɗi, mai zagaye biyar. A zagaye na farko ana zaɓar kati ɗaya ya wakilci mutum, a cakuɗa, a yanka gida huɗu daga dama zuwa hagu bisa haruffa huɗu na sunan Ubangiji a Ibrananci, a nemi tulin da katin ya faɗa. Sai a baje wannan tuli a fara ƙirga daga katin, ana bin inda fuskarsa ta kalla. Kowane kati yana faɗa maka tsallake nawa za ka yi: mai lamba, lambarsa, gimbiya 7, sauran 'yan fada 4, babban kati na ɗabi'a 3, na tauraro 9, na buruji 12. Katin lamba 1 kuwa Book T ta ce 5, Crowley ya ce 11, kuma wannan wani wuri ne da za ka gane littafin wace makaranta ke hannunka. Ana ci gaba har ƙirga ta dawo kan katin da aka riga aka taɓa. Sauran zagayen suna rarraba katunan a kan gidajen falaki 12, da burujai 12, da yankuna 36, da da'irori goma na Bishiyar. Aiki ne na awanni. Shimfiɗar katuna goma da ta fi shahara a yau, wadda ake jerawa kamar gicciye da sanda a gefe, Waite ne ya yaɗa ta a littafinsa na wajen 1910 a matsayin gajeriyar hanya.

Ka lura cewa ita kanta ƙirgar jarrabawa ce. Ba za ka iya tsallakawa daga Hasumiya ba sai ka san ta Mirriku ce, ba za ka iya daga Mutuwa ba sai ka san ta Aƙraba ce. An tsara hanyar ne yadda ɗalibin da bai haddace jadawalinsa ba zai maƙale tun a kati na biyu.

Mataki na shida: littafin rubutu

Ka ware wa kowane kati shafi ɗaya. A sama ka rubuta gida, lamba, tauraro, buruji da laƙabi. A ƙasa ka rubuta abin da kowane mai zane ya yi da shi, kana ajiye kati ɗaya daga saiti biyu ko uku gefe da gefe. A nan za ka ga inda Smith ta bi Book T da inda ta bi wata tsohuwar kartar Italiya mai suna Sola Busca, wadda aka yi a ƙarshen ƙarni na 15, da kuma inda Harris ta mayar da lissafi launi da layi. Duk bayanin da ka kwafa, ka rubuta sunan wanda ya faɗe shi a gefensa, Mathers ne ko Waite ko Crowley ko wani marubuci na baya-bayan nan, domin littattafan zamani suna cakuɗa su ba sa faɗa. Ka fara da katuna tara na gidan sanduna, daga 2 zuwa 10, ka gama su kafin ka taɓa kofuna.